Ka iya sayen babban babur, ka iya sayen tayarsa?

Duk mai bibiyar TikTok ko Instagram ya san manyan babura sun shigo gari, waɗannan da matasa ke kira fawa baik. A Abuja, Kaduna da Kano za ka ga an jera su ranar Asabar ko Lahadi, an wanke su suna ɗaukar ido, kowa ya ɗaga waya yana bidiyo. Abin da ake haska mana kusan ɗaya ne kullum: ƙarar salansa, allon gaba mai kama da fuskar waya, hular kwano mai Bluetooth. Da wuya ka ga wanda ya durƙusa ya haska gefen tayarsa. Da za a riƙa yin haka, da an ga babura na miliyoyin naira a tsaye a kan tayoyin da suka girmi wayar da ake ɗaukar bidiyon da ita nesa ba kusa ba.

Ga ra'ayina tun daga farko, don kada in ja ka da nisa. Idan tayar babban babur ta ƙare, abu uku ne ke yanke hukunci a kan wadda za ta gaje ta: nauyin da aka ƙera ta ta ɗauka, irin ƙirar cikinta, da shekarar da aka yi ta. Duka ukun a rubuce suke a jikinta. Sunan kamfani da zurfin zane, waɗanda su muke fara kallo a kasuwa, a baya suke zuwa. Saboda haka sabuwar taya ta matsakaicin kamfani da ta cika waɗannan sharuɗɗa ta fi mini tayar shahararren kamfani 'yar Beljiyam wadda babu wanda ya san inda ta kwana.

Nauyin ne ya raba su da Boxer

Yawancinmu a kan Boxer ko Jincheng ko roba-roba muka koyi tuƙi. Boxer bai wuce kilo 130 ba. Idan tayarsa ta yi faci sai ka tura shi wurin mai faci, a liƙe, ka ci gaba da harkarka. Idan ta suɗe ka shiga kasuwa ka ce a ba ka tayar baya, ba ka ma buƙatar faɗin lamba. Da wannan sabon muke hawa babban babur, kuma daga nan matsalar ke farawa.

BMW R 1250 GS, da mai a tankinsa, kilo 249 ne. Suzuki Hayabusa na 2021 kilo 264. Yamaha FJR1300 yana dab da kilo 290. Honda Gold Wing da aka sake wa ƙira a 2018, samfurin Tour mai akwati a baya, yana kusa da kilo 380 tun ba ka hau ba. Ɗora kanka a ce kilo 80, goyonka kilo 70, kayan tafiya kilo 30. Ka ga an kai kilo 560, sama da rabin tan. Duk wannan nauyi yana tsaye ne a kan wurare biyu inda roba ke taɓa kwalta, kowanne bai fi tafin hannunka ba. Birkinka ta nan yake bi. Kwanarka ta nan take bi. Ƙarfin injin da ka biya miliyoyi saboda shi, shi ma ta nan kaɗai yake isa ƙasa.

Abin da ke kashe taya a ƙarƙashin irin wannan nauyi shi ne zafi. Duk juyi ɗaya, ɓangaren da ke ƙasa yana lotsawa ya sake miƙewa, kuma wannan lanƙwasar ce ke haifar da zafi a cikin robar. Ƙarin nauyi, ƙarin lotsawa. Ƙarin gudu, ƙarin yawan lotsawar a cikin minti guda. Ƙarancin iska, nan ma ƙari. Sai ka haɗa da kwaltar Afrilu a Kano ko Sakkwato, lokacin da iskar gari kanta ke haura digiri 40, kwaltar kuma ta fi haka zafi sosai. Tayar da aka ƙera don babur mai kilo 180 za ta shiga wilin babur mai kilo 290 lafiya lau, ta kumbura, ta yi kyau a ido. Ba a garejin za ta nuna maka halinta ba, sai kun yi awa biyu a hanya.

Karanta abin da ke gefenta

Ɗauki wayarka ka haska gefen tayar baya. A yawancin manyan baburan titi za ka ga rubutu irin wannan: 180/55 ZR17 M/C 73W. Lamba 180 faɗin tayar ne a milimita. 55 tsayin gefenta ne, wato kashi 55 cikin ɗari na faɗin, milimita 99 ke nan. 17 girman wili ne a inci. M/C na nufin tayar babur ce. Har nan kusan kowa ya sani, kuma a nan mai shago yake tsayawa. Ka ce masa 180/55-17, ya ɗauko, ciniki ya faɗa.

Amma 73W ɗin nan da ke ƙarshe, wadda ake tsallakewa, ita ce maganar. 73 lambar nauyi ce, tana nufin tayar za ta iya ɗaukar kilo 365 idan an cika mata iskar da ta dace. 69 kilo 325 ne, 74 kilo 375, 77 kilo 412. A gaba za ka fi ganin 58, wato kilo 236, ko 63, wato kilo 272. Harafin kuma iyakar gudu ne: H kilomita 210 a awa, V 240, W 270. Ka lura da tazarar da ke tsakanin 69 da 77, kilo 87 ne, mutum guda ke nan cikakke. Shi ya sa Gold Wing na 2018 ya zo da 200/55 R16 77H a baya: ba a ƙera shi don gudun fitar hankali ba, H ta ishe shi, amma nauyi sai da aka ba shi 77. Dokar mai sauƙi ce. Ka iya hawa sama da lambar da kamfanin baburinka ya rubuta, ba ka sauka ƙasa da ita.

Wani zai ce shi ba ya gudun 210, me ya haɗa shi da harafin gudu? Harafin yana gaya maka yadda tayar ke jure zafi ne. Tayar da aka gwada ta jure 240 tana da sarari mai yawa idan kana tafiya 130 da goyo da rana tsaka. Wadda iyakarta 150 ce, a wannan gudun ta kusa ƙure ƙarfinta.

Akwai kuma wani abu da ko masu karanta lamba suna wuce shi. Manyan kamfanoni suna fitar da taya ɗaya a nau'i biyu, girma ɗaya, lambar nauyi ɗaya, zane ɗaya, amma ɗaya an ƙarfafa mata ciki saboda manyan baburan tafiya. Michelin yana sa wa tasa GT, kamar Road 6 GT. Bridgestone ma haka, T32 GT. Metzeler yana rubuta HWM a kan Roadtec 01, Pirelli kuma yana sa harafin A a kan Angel GT II. Idan kana hawan FJR1300 ko BMW R 1250 RT ko Kawasaki 1400GTR, wannan nau'in aka yi dominka. Ka sa wadda ba a ƙarfafa ba, ba za ta fashe a ranar ba, amma za ka ji bayan babur yana rawa a doguwar kwana idan kana da goyo, kuma za ta cinye da wuri, ba bisa daidai ba. Ka sa mai ƙarfin a ƙaramin babur mara nauyi, shi ma kuskure ne, za ka ji kamar a kan katako kake. Kamar cajar waya ne: bakin ya shiga ba shi ke nuna ita ce ta wayar ba.

Sai ƙirar ciki. Harafin R ko ZR na nufin radiyal, wadda zaruruwan cikinta suka ratsa kai tsaye daga gefe zuwa gefe, gefenta na da taushi, ba ta tara zafi sosai. Idan ka ga B, ko ɗan layi kawai kamar 90/90-21, to bayas ce, zaruruwanta a gicciye suke, gefenta na da tauri, tana jure nauyi da duka. Babu wadda ta fi wata a kowane hali. Manyan baburan Harley-Davidson da yawa bayas suke hawa saboda nauyi, masu gudu kuma radiyal. Abin gudu shi ne ka gauraya su da ka. Akwai baburan da kamfani da kansa ya haɗa musu, kamar Honda Africa Twin mai bayas 90/90-21 a gaba da radiyal 150/70 R18 a baya, amma wannan injiniyoyi ne suka gwada suka amince. Ba hujja ba ce ta cewa tunda radiyal ta gaba ta yi tsada yau, a sa maka duk wadda ke shago.

Maganar 'yar Beljiyam

Nan ne gardamar take, kuma ba zan yi kamar masu sayen ta hannu ba su da hujja ba. Tun da Michelin ya rufe masana'antarsa ta Fatakwal a 2007, Dunlop ya bi sahu a Ikeja a 2008, harkar taya a Najeriya ta koma hannun masu shigo da kaya. Ta babban babur kuwa dala ce ke yanka mata farashi, kuma kowa ya ga abin da ya sami naira tun daga Yunin 2023. Matashin da ya tara kuɗi shekara biyu ya sayi tsohon babur ɗan Kwatano, idan aka gaya masa kuɗin sababbin tayoyi biyu, dole gabansa ya faɗi. Sai a nuna masa wata Pirelli ko Michelin da zanenta raɗau, a rabin kuɗi ko ƙasa da haka, a ce masa Bature ne ya ɗan taɓa ta ya cire. A ganinsa robar asali ce, ta fi sabuwa ta kamfanin da bai taɓa jin sunansa ba.

Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. A Jamus doka ta ce zane kada ya gaza milimita 1.6, a Ingila milimita 1 ga manyan babura, kuma mutane da yawa a can suna cire taya tun ba ta kai nan ba. Amma ka tambayi kanka, me zai sa mutum ya cire tayar da ke da rabin zanenta, a ƙasar da kuɗin aikin makanike ma kansa abin tsoro ne? Amsoshin ba su da yawa. Ko dai daga baburin da ya yi haɗari aka kwance ta. Ko baburin ya yi shekaru a ajiye a gareji, robar ta tsufa ba tare da ta yi tafiya ba. Ko an yi mata faci, mai ita bai yarda da ita ba. Ko kuma daga filin tsere ta fito, inda aka gasa ta ta huce, aka sake gasa ta, sau da yawa. Wannan ta ƙarshen ta fi yaudara, domin tsakiyarta kamar sabuwa take, gefunan ne za ka ga sun yi kamar an narka su, wani lokaci da ɗan launin shuɗi. Robarta ta riga ta ƙandare. Kyan ɗan maciji ke nan.

Bayan haka akwai hanyar da ta biyo. Tsofaffin tayoyi suna cikin jerin kayan da hukumar Kwastam ta haramta shigowa da su, in ban da wasu manya na tirela da ake sabunta wa zane. Ma'ana duk 'yar Beljiyam da ka gani ta bayan gida ta shigo, babu wanda ya duba lafiyarta. Hukumar SON ta sha kama tayoyin da aka cusa wasu cikin wasu don a rage kuɗin kwantena, abin da ke lanƙwasa wayar ƙarfen da ke bakin taya, wadda ita ke riƙe ta a jikin wili. Wannan lahani ba ya nunawa a waje. Daga nan ta zo ta zauna a ƙofar shago, rana na dukanta wata da watanni, a shafe ta da baƙin mai ta yi sheƙi. Akwai ma masu bin zanen da wuƙa mai zafi su ƙara masa zurfi. A tayar babur, da naman robarta bai da kauri, wannan kusan yanka zaren ciki ne.

Ko lissafin kuɗin ma bai goyi bayanta ba. A ce sabuwar tayar baya ta zo da zane milimita 6, kuma kai mai hankali ne, kana cirewa idan ya sauka zuwa 2. Milimita 4 ka saya ke nan. 'Yar Beljiyam mai milimita 3, a ido rabin sabuwa ce, amma milimita 1 kacal ya rage maka ka ci. Ka biya rabin kuɗi ka sami kashi ɗaya cikin huɗu, sannan ka sake biyan kuɗin ɗauri nan da 'yan watanni. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa, matsalar a nan ita ce ana sayar maka da ita a matsayin ƙwarya.

Shekarar haihuwar taya ba ɓoyayya ba ce. Nemi inda aka rubuta DOT a gefe, ka bi haruffan har ƙarshe, za ka ga lambobi huɗu a cikin ɗan zagaye. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. 2319 na nufin mako na 23 a 2019. Idan lambobi uku ka gani, an yi ta kafin shekarar 2000, ka ajiye ta ka tafi. Michelin yana ba da shawarar cewa daga shekara biyar a riƙa kai taya wurin masani duk shekara, idan ta kai goma kuma a cire ko da zanenta bai taɓu ba. Hukumar kiyaye haɗurra ta FRSC ta fi tsanani, shekara huɗu take yekuwa a kai, kuma yekuwar ta ƙara ƙarfi bayan haɗarin 6 ga Maris 2016 a hanyar Kaduna zuwa Abuja, inda fashewar taya ta yi sanadin rasuwar ƙaramin ministan ƙwadago James Ocholi da matarsa da ɗansa. Wannan fa babbar mota ce mai ƙafa huɗu da gangar jiki ta ƙarfe. Kai ƙafa biyu gare ka, gangar jikin kuma taka ce. A zafinmu, a kan babur mai kilo 250 zuwa sama, ni ba zan ba da kuɗina a kan tayar da ta haura shekara uku a ranar saye ba, ko da a leda take.

To mai ƙaramin ƙarfi ya zai yi? Tsakanin Michelin da 'yar Beljiyam akwai fili babba da muke mantawa da shi. Shinko na Koriya ta Kudu, Maxxis na Taiwan, Mitas na ƙasar Cek, duk suna yin tayoyin manyan babura da cikakkiyar lambar nauyi da ta gudu, a farashin da bai kai na manyan ba. Wataƙila ba za su kai su daɗewa ba, ko riƙo a ruwan sama. Amma sabuwar roba ce mai laushi, ba ta taɓa haɗari ba, kuma ka san ranar da ta fara aiki domin kai ka fara hawanta.

Faɗi, ƙwaƙwalwar babur, da wani abin mamaki

Bayan araha, abu na biyu da ke ruɗar mu shi ne ado. Kowa na son a ga ƙatuwar taya a baya. Sai mai 180 ya ce a sa masa 190 ko 200. Taya 180/55 don wili mai faɗin inci 5.5 aka yi ta, 190/55 kuma ta fi zama a kan inci 6. Ka matse mai faɗi a siririn wili, bakinta ya haɗe, bayanta ya yi tsini, siffar da aka zana mata ta lalace. Ƙarshenta robar da ke taɓa ƙasa ba ta ƙaru ba, wani lokaci ma raguwa take yi, ga haɗarin ta goga sarƙa.

A baburan zamani akwai ƙarin dalili da ya kamata masu bin shafin fasaha su fi kowa ganewa. ABS da na'urar hana sulɓi ba su da ido, lissafi suke yi. Akwai na'urar ƙirga juyi a kowane wili, kwamfutar babur tana kwatanta gaba da baya, idan ta ga bambancin da ya wuce abin da aka koya mata sai ta ɗauka taya na sulɓi, ta rage wuta ko ta sassauta birki. Hayabusa 190/50 ZR17 yake zuwa da ita a baya. Ka mayar da ita 190/55, faɗi bai canza ba, amma tsayin tayar gaba ɗaya ya ƙaru da milimita 19, kusan kashi 3 cikin ɗari. Akwai masu yin hakan da gangan don babur ya fi saurin kwanciya a kwana, kuma sun san abin da suke yi. Wanda ya yi shi don kawai ita ya samu a kasuwa, ya canza lissafin da kwamfutar ke dogaro da shi bai sani ba, agogon gudunsa ma zai iya fara yi masa ƙarya.

Idan ka yi yawo a YouTube za ka haɗu da wasu masu Gold Wing a Amurka da ke sa tayar mota a baya, suna cewa ta fi arha ta fi daɗewa. Gaskiya ne ta fi daɗewa. Amma tayar mota shimfiɗaɗɗiya ce, an yi ta ta tsaya a miƙe, babur kuwa kwanciya yake yi kafin ya sha kwana, sai ya koma tafiya a kan kusurwarta. Bakinta ma ba irin na wilin babur ba ne. Babu kamfanin taya ko na babur da ya yarda da wannan. Ka kalla ka wuce.

Irin zanen kuma hanyarka ce za ta zaɓa maka, ba hoton da kake son ɗorawa ba. Mai GS da bai taɓa sauka daga kwaltar Abuja ba, ya sa taya mai manyan haƙora irin Continental TKC 80 don ta yi kama da ta masu ratsa sahara, ya sayi ƙara da saurin cinyewa, ga shi da yawa daga cikin girmanta harafin Q gare su, wato kilomita 160 ne iyaka, alhali tayar da baburin ya zo da ita V ce. Amma wanda da gaske yake shiga burji da yashi zuwa ƙauyensu, ita ce tasa. Haka mai sa tayar tsere mai laushi yana zirga-zirga tsakanin Kano da Zariya, hanya miƙaƙƙiya ɗoɗar. Tsakiyar za ta baje ta zama kamar ta mota tun gefunan ba su san an fara ba, daga nan duk kwanar da ka shiga sai ka ji babur yana turjewa sannan ya faɗa gaba ɗaya. Don irin hanyoyinmu, tayar tafiya mai roba iri biyu, tauri a tsakiya da laushi a gefe, ita ta fi dacewa da mafi yawan mutane.

Wayarka ta fi mai shago sani

Kafin ka tura wa kowa kuɗi, sauke littafin baburinka a PDF, kusan duk kamfanoni sun sa su kyauta a intanet. Shafin taya zai ba ka girma, lambar nauyi, harafin gudu da yawan iska. Yawanci akwai ma 'yar takarda manne a kusa da sarƙa ko ƙarƙashin kujera mai ɗauke da bayanin. Kada ka dogara da tayar da ka tarar a jiki, domin mai shi na baya ma wataƙila abin da ya samu ya sa. Shafukan Michelin, Pirelli, Metzeler da Bridgestone duk suna da wurin da za ka sa sunan babur da shekararsa su nuna maka wadda suka amince da ita, har da ko nau'in da aka ƙarfafa kake buƙata.

Idan ta WhatsApp ko Instagram ko Jiji za ka saya, kamar yadda yawanci ake yi idan kayan na Legas ne kai kana Arewa, kada ka karɓi hoton da aka ɗauko daga shafin kamfani. Ka ce a yi maka bidiyo na ainihin tayar da za a turo, a juya ta a hankali, a tsaya a kan girma da lambar nauyi, a tsaya a kan DOT. Cikakkiyar lambar sau da yawa a gefe ɗaya kawai take, don haka a nuna duka biyun. A haska cikinta ma, nan faci ke ɓuya. Mai kaya na gaskiya minti biyu zai ɗauke shi. Wanda ya fara ce maka ai duk ɗaya ne, ya riga ya ba ka amsa. Kuma in hali ya yi, ka sayi gaba da baya samfuri ɗaya, domin tare aka zana siffarsu.

Sayen rabin aiki ne. Mai facin unguwa gwani ne a kan abin da ya saba, amma ƙarafan da yake ɓamɓare tayar Boxer da su za su ci bakin wilin alminiyam, su lanƙwasa faifan birki ko zoben ABS, su fasa na'urar auna iska da ke maƙale a ciki bayan bawul a babura da yawa. Nemi wurin da ke da injin cire taya da na balansin, ko da za ka ɗauki wilin a mota ka kai. Ka tsaya a kansa. Akwai kibiya a gefen taya da ke nuna inda za ta juya, ka tabbata ba a juya ta ba. A sa sabon bawul. Da ruwan sabulu ake zura ta, ba da baƙin mai ko fetur ba.

Iska kuma kada ka bar wa kowa. GS yana son PSI 36 a gaba da 42 a baya, Gold Wing 36 da 41. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba ita ake bi ba, ta littafi ake bi. Da safe ake aunawa kafin a hau. Idan ka tsaya a hanya ka ga ta ƙaru da uku ko huɗu, zafi ne, haka aka tsara, kada ka sace, domin idan ta huce za ta koma ƙasa da ƙa'ida. Sayi gejinka na dijital. Akwai kuma 'yan murafun bawul masu Bluetooth da ke turo maka iska da zafin taya a waya. Suna da amfani, amma a kan bawul na ƙarfe, domin nauyinsu na wahalar da na roba idan ana gudu.

Game da faci, ƙusa a tsakiyar zane ana iya toshewa daga ciki. A gefe babu gyara. Ko wanda aka yi da kyau, littattafan Honda suna cewa kada a wuce kilomita 80 a awa a cikin awa 24 na farko, kada kuma a sake wuce 130 muddin tayar na jiki. Sabuwar taya ita ma tana da santsi, ka ba ta kamar kilomita 150 kana bi a hankali, kana ƙara kwanciya kaɗan-kaɗan, kafin ka sake mata jiki.

Yawancin masu faɗawa hannun 'yar Beljiyam ba da niyya suka fita ba. Taya ce ta ƙare ana saura kwana uku tafiya, girma irin 200/55 R16 ko 170/60 R17 kuma ba kullum za ka shiga Sabon Gari ko Panteka ka tarar da shi a jere ba, sai a ɗauki abin da ke ƙasa. Duba cikin zanen tayarka, akwai 'yan tudu ƙanana da kamfani ya sa, idan zane ya yi daidai da su ta gama. Tun zanen baya yana wajen milimita 3 ya kamata ka fara neman wata, domin oda daga Legas ko daga waje na iya cin makonni. Idan ta iso kafin lokaci, ka ajiye ta a ɗaki a tsaye, nesa da rana, nesa da janareta da jarkar fetur.